Mahaɗin Ƙwaƙwalwa da Kwamfuta da Matsalar Ɗaurewar Harshe: Sharhi daga Mahangar Hausawan Rusairis

Daga cikin cututtukan da ke cin ƙwayoyin jijiya sannu a hankali har su hallaka su, akwai waɗanda ke raba mutum da maganarsa alhali hankalinsa yana nan daram, ya san abin da yake son faɗa, ya kuma san wanda yake son faɗa wa, sai dai harshe da leɓɓa da maƙogwaro sun daina bin umarninsa. Saboda irin waɗannan majinyata ne masana suka shafe shekaru fiye da hamsin suna neman hanyar ɗauko niyyar magana daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, a miƙa ta ga kwamfuta, ita kuma ta mayar da ita rubutu ko murya, kuma wannan fasaha ce ake kira mahaɗin ƙwaƙwalwa da kwamfuta. A ɗakunan bincike na Amurka da Turai ana auna ingancin mahaɗin ne da yawan kalmomin da yake fitarwa a minti ɗaya da kuma ƙarancin kuskurensa, amma idan aka ɗauki wannan ma'auni aka kai shi garin Rusairis da ƙauyukan Hausawa da ke jere a gaɓar kogin Shuɗin Nilu har zuwa Jazira a ƙasar Sudan, sai wasu tambayoyi su taso waɗanda saurin na'ura bai amsa su ba, wato da wane harshe za ta yi magana, da wane rubutu, tsawon wane lokaci za ta yi aiki, kuma wa zai kula da ita.

Cutar da abin da take ɗauka

Cutar da ta fi jan hankalin masu wannan bincike ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ALS, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana siffofinta a birnin Faris tun wajajen 1869. Tana kashe ƙwayoyin jijiyar motsi ne, wato waɗanda ke ɗaukar umarni daga ƙwaƙwalwa su bi ta laka su kai shi ga tsokar jiki, kuma idan tsoka ta daina samun umarni sai ta rame ta shanye. A wasu majinyatan takan faro daga hannu ko ƙafa, a wasu kuma daga baki, inda magana za ta fara nauyi, haɗiya ta yi wuya, yawu ya riƙa zuba. Yawancin waɗanda ta kama sukan rayu shekara biyu zuwa biyar bayan bayyanar alamunta, kuma gazawar tsokar numfashi ce kan zama sanadin ajalinsu, ko da yake akwai waɗanda suka daɗe ƙwarai, irin masanin kimiyyar nan na Ingila Stephen Hawking, wanda aka gano cutar a jikinsa a 1963, ya rasa muryarsa a 1985 bayan tiyatar da aka huda masa maƙogwaro, ya ci gaba da magana ta na'urar da yake sarrafawa da hannu, daga baya da tsokar kunci, har rasuwarsa a 2018. Kimanin kashi goma cikin ɗari na masu ita ne suka gaje ta, kuma magani irin riluzole, wanda aka amince da shi a 1995, ɗan jinkirta ta kawai yake yi.

Abin da ya sa ALS ta dace da wannan fasaha shi ne ɓarnar tana kan hanyar da umarni ke bi, shi kuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke tsara zance yakan tsira a mafi yawan majinyata. Idan ciwon ya yi nisa mutum yakan shiga halin da likitocin Amurka biyu, Fred Plum da Jerome Posner, suka raɗa wa suna a 1966, wato halin kulle a cikin jiki, inda ba abin da ke motsi sai idanu, idan kuma idanun suka tsaya sai a ce kullen ya cika. Toshewar jini a gindin ƙwaƙwalwa ita ma tana jefa mutum cikin wannan hali, shi ya sa ake haɗa masu ita cikin gwaje-gwajen duk da cewa tasu ɓarnar lokaci guda take aukuwa ta tsaya. Cutar mantuwa ta Alzheimer kuwa lamarinta dabam ne, domin kalmomin kansu da ma'anarsu take rusawa, kuma na'urar da aikinta ɗauko abin da aka riga aka shirya faɗa ba ta da abin ɗauka idan shirin ya wargaje. Ita ko cutar makyarkyata ta Parkinson, wadda ke raunana murya ta kuma cakuɗa furuci, galibi magani da horon magana da na'urar ƙara sauti sun fi dacewa da masu ita.

Yadda ake sauraron ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiya suna isar wa juna saƙo ne da ɗan tartsatsin lantarki, kuma duk lokacin da mutum ya yi yunƙurin motsa wata gaɓa, ko da gaɓar ba ta motsa ba, dubban ƙwayoyi a ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar da ta lulluɓe samanta, sukan yi tartsatsi bisa wani tsari da ya keɓanta da wannan motsi. Likitan Jamus Hans Berger ne ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan ɗan'adam a 1924, Jacques Vidal na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles kuma shi ya ba fasahar sunanta a 1973. Abin da ke ɗauko lantarkin ana kiransa elektirod, ɗan ƙarfe ne ƙanƙane mai jin canjin lantarki a kusa da shi, kuma bambancin hanyoyin da ake bi ya ta'allaƙa ne da inda aka ajiye shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jera elektirod a jikin hula a ɗora a kan fatar kai ba tare da an tsaga ko'ina ba, irin awon da ake yi wa masu farfaɗiya a manyan asibitoci. Aibinta shi ne ƙoƙon kai da fata suna dusashe saƙon, sai abin ya zama kamar mutumin da ke tsaye a bayan katangar kasuwa, yana jin hayaniya na tashi tana sauka amma ba ya iya tsinto cinikin mutum biyu. Duk da haka an sami dabarar amfana da ita. A 1988 Lawrence Farwell da Emanuel Donchin sun jera haruffa cikin gidaje 36, shida a tsaye shida a kwance, layukan suna walƙiya ɗaya bayan ɗaya, kuma duk sa'ad da layin da ke ɗauke da harafin da mutum ya sa wa rai ya haska, ƙwaƙwalwarsa takan yi wata 'yar zabura bayan kimanin sulusin daƙiƙa, wadda kwamfuta ke ganewa ta rubuta harafin. A 1999 kuma ƙungiyar Niels Birbaumer ta Jami'ar Tübingen a Jamus ta nuna majinyata biyu masu ALS suna rubutu ta wata dabara ta daban daga fatar kai, a saurin kimanin harafi biyu a minti. Akwai kuma matsalar da ta shafi baƙar fata musamman, ita ce elektirod ɗin da aka saba ƙerawa ba ya zama sosai idan gashi mai kauri ne mai murɗewa, har sai da masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon suka nuna a 2020 cewa idan aka yi wa mutum kitso, aka maƙala elektirod a tsagar da ke tsakanin layukan, saƙon yakan fito da kyau.

Sauran hanyoyin duk suna buƙatar likitan tiyata. Akwai wadda ake buɗe ƙoƙon kai a shimfiɗa siririn faifai mai ɗauke da elektirod masu yawa a kan ɓawon ƙwaƙwalwa ba tare da an soke shi ba. Akwai wadda ake kafa ɗan dandamali da bai wuce milimita huɗu a kowane gefe ba, mai allurai ɗari da tsawonsu bai kai milimita biyu ba, waɗanda ke nutsewa cikin ɓawon har su ji tartsatsin ƙwaya guda guda, kuma da irinsa ne shirin BrainGate ya fara gwaji a jikin mutum a 2004. Akwai kuma ta kamfanin Synchron, wadda aka fara dasawa a birnin Melbourne na Ostareliya a 2019, inda ake zura wata 'yar raga mai elektirod 16 ta jijiyar jinin wuya har ta isa babbar jijiyar da ta ratsa saman ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da ta haɗa su ita ce gwargwadon kusancin elektirod da ƙwayoyin jijiya gwargwadon tsabtar saƙo, kuma gwargwadon haka ne haɗari da tsada ke ƙaruwa.

Daga harafi zuwa zance

A 2016 likitocin Jami'ar Utrecht a Holan suka ba da rahoton wata mata mai ALS, Hanneke de Bruijne, wadda aka dasa wa mahaɗin da ke ɓoye gaba ɗaya a ƙarƙashin fata, tana zaɓen haruffa a gidanta ta hanyar yunƙurin motsa hannu, harafi biyu a minti. Babban sauyi ya zo ne lokacin da aka bar neman harafi aka koma sauraron sashen ɓawon da ke sarrafa leɓe da harshe da muƙamuƙi da maƙogwaro, ana barin majinyaci ya yi yunƙurin furta magana yadda ya saba. A 2021 ƙungiyar Edward Chang ta Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko ta fitar da jimloli daga ƙwaƙwalwar wani mai shanyewar jiki, kalma 15 a minti, daga cikin kalmomi 50 kacal da aka koya wa na'urar. Shekara biyu bayan haka, a 2023, masu bincike a Jami'ar Stanford suka kai kalma 62 a minti tare da wata mai ALS, Pat Bennett, daga taskar kalmomi 125,000, da kuskuren kusan kashi 24 cikin ɗari, yayin da ƙungiyar Chang ta kai kalma 78 tare da Ann Johnson, har ta sake gina mata muryarta daga faifan jawabin da ta yi ranar bikin aurenta. Don a kwatanta, hirar yau da kullum a Turanci takan kai kimanin kalma 160 a minti.

A 2024 Jami'ar Kalifoniya a Davis ta sanar da sakamakon Casey Harrell, mai ALS da aka dasa wa elektirod 256, wanda na'urarsa ta riƙa dacewa da kimanin kashi 97 cikin ɗari na kalmominsa, yana amfani da ita wajen hira da iyalinsa da gudanar da aikinsa. A 2025 ƙungiyar ta Davis ta wuce rubutu ta koma fitar da murya kai tsaye, da jinkirin da bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in na daƙiƙa ba, har majinyacin yana iya ɗaga murya a ƙarshen tambaya ko ya ƙarfafa wata kalma, ko da yake masu sauraro kimanin shida cikin goma na kalmomin suke ganewa. Kamfanin Neuralink, wanda ya fi samun yayatawa a kafafen labarai, ya yi dashensa na farko a jikin mutum a Janairun 2024. Ya kamata a riƙa karanta waɗannan alƙaluma tare da sanin cewa kusan kowannensu daga majinyaci guda ya fito, kuma duk waɗanda aka dasa wa irin wannan mahaɗi a gwaje-gwajen asibiti na duniya ba su kai mutum ɗari ba zuwa ƙarshen 2023.

Rabin aikin na harshe ne

Jama'a sukan ɗauka cewa na'urar tana karanta tunani ne, alhali aikinta ya kasu gida biyu. A gida na farko wata manhaja mai koyo, daga dangin ƙirƙirarriyar basira, tana duba tartsatsin ƙwayoyi sau da yawa a daƙiƙa guda ta yi hasashen wace ƙwayar sauti mutum ke yunƙurin furtawa, daga cikin ƙwayoyin sauti 39 da aka ƙididdige wa Turancin Amurka. Wannan hasashe ba shi da tsabta, domin a gwajin Stanford kusan sauti ɗaya cikin biyar kuskure ne, kuma da a nan aka tsaya da kalmomi masu yawan gaske sun fito da aibi. A gida na biyu sai tsarin hasashen harshe, wato manhajar da ta karanta ɗimbin rubutu har ta san wace kalma ta fi yawan biyo wacce, ya karɓi waɗannan gutsattsarin sautuka ya nemo jimlar da ta fi dacewa da su. Taskar kalmomin da ake dogara da ita daga ƙamusun furucin Turanci aka ciro ta, jimlolin da ake horar da majinyaci da su kuma galibi daga hirarrakin tarho na Amurkawa da aka naɗa aka rubuta. Ma'anar wannan ita ce harshen da ba a tara masa rubutu da murya ba zai rasa rabin na'urar ko da an samu likitan tiyata da kuɗin dashe.

Hausa tana da siffofi uku da za su gwada wannan tsari. Na farko karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa, wanda shi ne ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala, da kuka na hawaye da kuka ta miya. Na biyu tsawon wasali, wanda ya raba gari na mazauna da gari na tuwo. Waɗannan biyun suna shiga har cikin nahawu, domin "ta tafi" da dogon wasali mai karin sama labari ne na abin da ya faru, da gajeren wasali mai karin ƙasa kuwa umarni ne, kuma daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka manhajar da ta koyi Hausa daga jarida ba ta taɓa ganin bambancin ba. Na uku baƙaƙen da furucinsu ya dogara da motsin maƙwallato, irin ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, kuma sananne ne cewa sautukan da mafurtarsu ta yi kusa su ne na'urar ta fi cakuɗawa. Akwai alamun da ke ba da ƙwarin gwiwa, domin a 2018 ƙungiyar Chang ta nuna cewa wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hawa da saukar murya ta maƙogwaro, a 2023 kuma likitocin Asibitin Huashan na Jami'ar Fudan a Shanghai suka ciro karin sautin Sinanci daga ƙwaƙwalwar masu magana da shi.

Hausar Sudan ta ƙara wa tambayar wani mataki. Hausawa sun zauna a yankin Shuɗin Nilu ne ta hanyar hajji ta ƙasa, wadda mahajjata kan shafe shekaru a kanta suna noma da fatauci, sannan ta hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, sai kuma aikin auduga da ya buɗe a Jazira bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925. Zuriyarsu a yau suna shiga Larabcin Sudan su fito Hausa a cikin jimla guda, sun yi karatun gwamnati da Larabci, sun yi na allo a makarantar da ake kira halwa a can, kuma da yawansu haruffan Larabci da ajami suka sani, na boko baƙi ne gare su. Abin da aka tara wa Hausa na kwamfuta zuwa yanzu, tun daga shigarta Google Translate a 2013 har zuwa ayyukan ƙungiyoyi irin Masakhane da HausaNLP da taskar murya ta NaijaVoices, galibinsa Hausar Najeriya ce cikin boko, kuma babban kaso na rubutun daga labarai da littattafan addini ya fito. Manhajar da aka horar a kan haka za ta fi saurin hasashen kalmar gwamnati ko majalisa fiye da "juya ni" ko "share mini baki", waɗanda su ne kalmomin da mai kwance ke buƙata. Wani bincike na 2024 a San Faransisko, a kan majinyaci mai jin Sifaniyanci da Turanci, ya nuna cewa harsunan biyu suna tarayya a yawancin tartsatsin furuci, har horon da aka yi da ɗaya yana taimaka wa ɗayan, kuma wannan bushara ce ga wanda ke rayuwa tsakanin Hausa da Larabci.

Abin da ya rage a gyara

Matsala ta farko ita ce ɗorewa. Saƙon da elektirod ke ɗauka yakan canza daga rana zuwa rana, shi ya sa ake sake daidaita manhajar a kai a kai, kuma jiki yakan yi tabo a kewayen allurai ya rage jinsu. Bayan wannan akwai cutar kanta, wadda ba ta tsayawa don an yi dashe. A 2024 likitocin Utrecht suka ba da rahoton cewa majinyaciyarsu ta amfana da mahaɗinta kimanin shekara bakwai, har da kiran mai jinya da dare, kafin saƙon ya raunana ya daina aiki, kuma hoton kanta ya nuna cewa ƙwaƙwalwar ce ta zaizaye, na'urar kuwa lafiyarta ƙalau. Wanda kullensa ya cika har yanzu shi ne mafi wuyar isa gare shi, domin a rahoton da aka buga a 2022 na wani majinyaci a Jamus, saurin rubutunsa bai wuce kimanin harafi ɗaya a minti ba, kuma akwai ranakun da ba a samu komai ba.

Matsala ta biyu ta amana ce. A 2025 masu bincike a Stanford suka nuna cewa ana iya tsinto wani abu na zancen zuci, wato maganar da mutum ke yi a ransa ba tare da yunƙurin furtawa ba, har suka gwada sanya kalmar sirri da sai majinyaci ya raya ta na'urar ke buɗewa. Wannan ya taɓa wani asali da malaman fiƙihu suka sani, cewa ba a kama mutum da abin da ya raya a zuciyarsa matuƙar bai furta ba bai kuma aikata ba. Haka nan tsarin hasashen harshe yana iya sa wa mutum kalmar da bai nufa ba saboda ita ta fi yawa a rubutun da ya karanta, kuma a batun wasiyya ko bashi ko yarda da aure kalma guda tana canza hukunci, don haka duk na'urar da za a amince da ita sai ta ba majinyaci hanyar tabbatarwa ko sokewa. Ƙasar Chile ta sa kariyar bayanan ƙwaƙwalwa a kundin tsarin mulkinta a 2021. Akwai kuma darasin kamfanin Second Sight, wanda ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar ido, sannan ya daina ƙera ta ya shiga matsin kuɗi a tsakanin 2019 da 2020, aka bar mutane da ƙarfe a jiki babu tabbacin mai gyara.

Ma'aunin Rusairis

Rusairis tana gabashin kogin Shuɗin Nilu, Damazin babban birnin jihar da aka sa wa sunan kogin tana yammacinsa, kuma a nan ne madatsar ruwan da aka kammala a 1966, aka ƙara mata tsayin mita goma a 2013, wadda ke cikin manyan tushen lantarkin Sudan, ko da yake kusanci da ita bai sa wuta ta wadata a kowane ƙauyen masunta da manoma ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta nuna cewa a Afirka ƙwararrun cututtukan jijiya ba su wuce ɗaya ga mutum miliyan guda ba, kuma a Sudan a wancan lokaci yawancinsu a Khartum suka taru, tazarar kimanin kilomita 500 daga Rusairis. Rikicin ƙabilanci na 2022 ya raba dubban Hausawan jihar da gidajensu, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma ya durƙusar da asibitocin Khartum, ya ci Wad Madani daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025, ya datse hanyar garin Sinja a 2024, shekarar da aka yi makonni babu layin waya da intanet a sassa da yawa na ƙasar.

A irin wannan hali akwai gaskiyar da ta sauya fasalin tambayar. Galibin waɗanda ke kai wa ga cikakken kulle sun rayu har zuwa lokacin ne saboda na'urar taya numfashi da jinya ta dare da rana, inda kuwa babu su numfashi yakan gaza tun idanu na aiki. Saboda haka buƙatar majinyacin Rusairis ta fi yawa a watannin da baki ya mutu amma ido da ɗan yatsa ko gira suna motsi, kuma wannan tazara ana iya cike ta da kayan da ke gida. Matakin farko shi ne iyali su fahimci cewa rashin magana ba gushewar hankali ba ne, domin da yawa akan danganta ciwon da sammu ko iskoki, a riƙa zance a kan mutum kamar ba ya nan alhali yana jin komai. Daga nan sai a yi yarjejeniya da shi tun yana iya magana a kan alamar "i" da ta "a'a", a sanar da kowa a gidan har yara. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a yankin ya daɗe da karɓar ishara mai fahimtarwa a madadin furuci, ya kuma yarda mara lafiya ya yi salla da nuni, don haka tsarin ba baƙo ba ne.

Mataki na gaba shi ne allo. Ana iya rubuta haruffan da majinyaci ya sani, na ajami ko na boko, cikin rukuni-rukuni, tare da buƙatun yau da kullum irin ruwa da juyi da bayan gida da alwala da sunayen mutanen gida, mai jinya yana nunawa shi kuma yana tsayar da shi da ƙiftawa. Da irin wannan hanya ɗan jaridar Faransa Jean-Dominique Bauby ya rubuta littafi sukutum da ƙiftawar idon hagu, aka buga shi a 1997, kuma dabarar da ta rage masa wahala ita ce jera haruffa bisa yawan aukuwarsu a harshensa, aikin da ɗalibin harshe zai iya yi wa Hausar Sudan da takarda da alƙalami. Sai kuma naɗar murya da wayar hannu tun furuci bai lalace ba, gaisuwa da addu'o'i da kiran sunayen 'ya'ya da hira mai tsawo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, kuma muryar Ann Johnson da ta Casey Harrell duk daga tsofaffin faifai aka sake gina su. Waya ko kwamfutar hannu mai maɓalli guda da farantin sola suna biyo baya, hular elektirod kuma muhallinta asibitin koyarwa, irin wanda ke da alaƙa da Jami'ar Jazira ta Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, kuma makarantar likitancinta ta shahara da tura ɗalibai cikin ƙauyuka.

Ba a Rusairis za a ƙera allurai masu shiga ɓawon ƙwaƙwalwa ba, amma gida na biyu na na'urar, wato na harshe, ba ya ginuwa sai da bakin masu harshen. Hirar da aka naɗa da yardar masu ita a bakin kogi da zaure da ɗakin jinya, aka rubuta ta da ajami da boko, aka sa mata alamar karin sauti da tsawon wasali, aka bar Larabcin da ke cikinta yadda ya zo, za ta yi amfani yau wajen shirya allo da manhajar waya mai furta Hausar da mutanen wurin suka sani, kuma ita ce dai tsarin hasashen harshe zai nema ranar da dashen ya yi araha ya iso asibitocin Sudan.